Wai da gaske manhajojin da ke gasa da juna suna haɗa kai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Wani abokina ya ce wai in aka zuba manhajojin AI, wato ƙirƙirarriyar basira, a wasa ɗaya kowacce tana neman nata rabo, ƙarshe sai su fara haɗa kai ba tare da an koya musu ba. Ni dai na ce masa zuƙi ta malle ce. Ya abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ka je ka ba abokin nan haƙuri, bai yi ƙarya ba, kuma maganar ma ta girmi wayar da ke hannunka.

A 1980 wani malamin Jami'ar Mishigan a Amurka, Robert Axelrod, ya shirya gasa tsakanin manhajoji. Wasan ba wahala, biyu ake haɗawa, kowacce ta zaɓa ko ta riƙe amana ko ta ci amana ba tare da ta san me ɗayar za ta yi ba. In duk sun riƙe kowa maki 3, in duk sun ci amana kowa maki 1, in ɗaya ce ta ci amanar ita 5 ɗayar kuma ta tashi a tutar babu. To ka ga in sau ɗaya za a buga ai cin amana ne riba, kamar mai talla a tasha da ya san motarka na tashi shi da kai har abada. Amma sau 200 aka sa su buga, nan lissafi ya canza, an koma kamar mai kantin unguwa da gobe ma kai zai gani.

Masana sun turo manhajoji 14, wasu cike da wayo da tarko. Wadda ta lashe ita ce mafi sauƙi, ta Anatol Rapoport: ta fara da amana, daga nan duk abin da ka yi mata shi za ta mayar maka a zagaye na gaba, ka cuce ta ta rama nan take, ka dawo hanya ta dawo, ba ta riƙo. Abin da ya fi burge ni, ba ta taɓa ɗara abokin karawarta maki a wasa ɗaya, iyakarta canjaras, amma da aka tara jimla ita ce a sama don ta fi kowa cin moriyar zaman lafiya. Aka sake gasar da manhajoji 62, kowa ya san sirrinta, ta sake cinyewa.

Waɗancan manhajojin, mutane ne suka rubuta musu dabara. Na zamani da kansu suke koya. A 2017 masana a kamfanin binciken AI mai suna DeepMind sun sa manhajoji biyu tsintar tuffa a wasan kwamfuta, in tuffa ta wadata lafiya lau, tana ƙaranci sai su fara harbin juna da wani haske mai fitar da abokin gasa na ɗan lokaci. Ba tausayi ba mugunta a ciki, maki kawai suke bi.

Tambaya: To Malam in dai suna haɗa kai ai alheri ne ko?

Amsa: Ya danganta da kan wa aka haɗa. A 2020 Emilio Calvano da abokan aikinsa, masana tattalin arziki a Italiya, sun gwada manhajojin sa farashi a kasuwar kwaikwayo. Ba su da hanyar magana da juna, amma suka koyi barin farashi a sama, in ɗaya ta karya farashi sai ɗayar ma ta karya don ladabtarwa, sannan a hankali su lallaɓa su koma inda suke. 'Yan kasuwa suka yi haka sunansa haɗa baki kuma a ƙasashe da dama hukuma na iya kama su, su kuwa waɗannan ko waya ba su yi wa juna ba balle a samu shaida.