Tambayi Likita: Ruwan Famfon Garinmu

Tambaya: Likita, a garinmu sai an yi kwana biyu ko uku kafin a kawo ruwan famfo, kuma idan ya zo da farko jajawur yake, har da wari. Mu sha?

Amsa: A'a Hajiya, kada ku sha na farkon nan. Idan aka ɗauke ruwa, bututu yakan zama fanko, sai ya riƙa zuƙo ruwan kwata ta inda ya tsage ko ta mahaɗar da ta saki, musamman da damina a wuraren da bututun ya ratsa magudana. Ku bari ya yi ta zuba har ya washe, na farkon ku ba shuka.

Ko ya washe ma, ƙwayoyin kwalara da na taifot ido ba ya ganinsu. A tafasa shi, ya yi cikakken minti 1 yana zaɓalɓala. Idan itace ko gawayi ya yi tsada, ƙwayar Aquatabs (maganin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) mai miligiram 67 tana isar lita 20 na ruwa mai haske, a rufe a jira minti 30. Alif kuwa laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Da yawa a nan ake yin kuskure, kuma yara ne ke ɗanɗana kuɗarsu. Ku kai rahoton fashewar bututun ofishin hukumar ruwa, ku je a ƙungiyance.

Tambaya: Wani lokaci ruwan yana warin kulorin. Ba zai cutar da mu ba?

Amsa: Ɗan warin nan alheri ne, Malam, alamar maganin ya iso har gidanka. Idan ya dame ka, zuba a mazubi mai tsafta ya ɗan huce.

Tambaya: Daga tankin rijiyar burtsatse garinmu ke sha. Haƙoran yarana sun yi dabbare-dabbare, fari da ruwan ƙasa, goge-goge bai fitar ba.

Amsa: Wannan ya yi kama da yawan sinadarin fuloraid, wanda ke narkewa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. A Tibiri da ke jihar Maraɗi a Nijar, ruwan burtsatsen gari ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba, aka yi shekaru ana sha, har ƙasusuwan ɗaruruwan yara suka lanƙwashe. Tafasawa ba ta cire fuloraid, ƙara masa ƙarfi ma take yi, kulorin ma ba ya taɓa shi. Ku haɗu da masu unguwa ku nemi a auna ruwan a ɗakin gwaji. Kafin sakamako, ku samo wa ƙananan yara ruwan sha daga wani wuri dabam, a tafasa.

Tambaya: Muna tafasa ruwa, amma yaron bai daina gudawa ba.

Amsa: Ki duba randarki. Moda ɗaya da kowa ke tsoma hannu da ita takan sake shigar da ƙwayoyin cuta cikin ruwan da aka tafasa. Ki koma jarka mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayowa. Yanzu kuma ki ba shi ORS, wato haɗin gishiri da sukari na ƙunshi, ko ki haɗa lita 1 ta dafaffen ruwa da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Idan idonsa ya faɗa, ya kasa sha, ko kika ga jini a kashin, ku tafi asibiti nan take.