Idon mutum-mutumin ɗana ya ƙone: a jefar ko a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a unguwar Yelwa a Garwa. Ƙanena da ke aiki a Duwala ya aiko wa ɗana mai shekara 11 wani kayan wasa da ake harhaɗawa da hannu: ɗan mutum-mutumi mai jajayen idanu biyu, da makunni, da gidan batir biyu, da ɗan ƙaramin injin da ke sa shi motsi. Takardar bayanin da Sinanci take, hotuna kawai ya bi. Da ya gama, ido ɗaya ya kama, ɗayan ya ƙi. Wani maƙwabci ya ce batir ne ba ƙarfi, ya kawo mai kusurwa huɗu da aka rubuta wa 9V ya jona. Idon da ke ci ya yi wal sau ɗaya ya mutu. Akwai kuma wasu abubuwa biyu kamar ƙwayar shinkafa, masu zanen launi da waya gefe-gefe, da yaron bai sa ba don bai san amfaninsu ba. Abin ya lalace ke nan? Kuma babu haɗari? Yana da ƙanwa mai rarrafe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Maƙwabcinku dai garin gyaran gira ya tsone ido, amma kada ki riƙe shi a zuci, don kusan duk wanda ya taɓa wannan aiki ya ƙona irin wannan ƙwai, har da ni mai ba ki amsa. Abin bai lalace ba. Ƙwai ɗaya ne ya tafi, kuma yana cikin mafi arha a duk kayan da ke kwalin. A ganina ma yanzu ne wasan ya fara amfani, domin da idanu biyun sun kama tun farko, da yaron ya yi kwana uku yana murna ya jefa shi ƙarƙashin gado bai koyi komai ba.

Mu fara da idon da ya ƙi kamawa. Irin wannan ƙwai sunansa LED, kuma ba kamar tsohon ƙwan tocila mai zare ba ne, wanda duk yadda aka juya shi zai ci. Shi LED ta hanya ɗaya kawai yake barin wuta ta wuce. Ki ce wa yaron ya dubi ƙafafunsa: ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Doguwar ita ke zuwa ɓangaren da ke da alamar + a batir, wato wajen jar waya, gajeriyar kuma wajen baƙar waya. Idan an riga an datse ƙafafun, ya shafa bakin gindin ƙwan da yatsa, zai ji wani gefe a shafe kamar an goge shi da zarto. Ƙafar da ke wannan gefe ita ce ta baƙar waya. Ina kyautata zaton juya shi kawai ya yi. Wataƙila ma juyin ne ya cece shi ranar da aka kawo babban batir, tunda wutar ba ta sami ƙofar shiga ba. Gwajin ba wuya: a samo batir mai kama da kwabo, wanda aka rubuta wa CR2032, a cusa shi tsakanin ƙafafun biyu, doguwar a kan fuskar da ke da rubutu. In ya haska, yana da rai.

Shi kuwa wanda ya mutu, waɗancan ƙwayoyin shinkafa da aka bari a leda su ne masu gadinsa. Masu gyaran rediyo a nan suna ce musu rezistans, na wajen Najeriya su ce razisto. Aikinsu rage yawan wutar da ke bi ta waya. A nan zan ɗan tsaya, domin duk ilimin da ke cikin kwalin nan a wannan wuri yake.

Ki tuna da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai. Tudun ruwan da ya taru a bayanta abu ɗaya ne, yawan ruwan da ke fita ta ƙofa kuma wani abu ne daban. Tudun shi ne misalin abin da ake aunawa da volt, wato ƙarfin turi. Yawan da ke wucewa ana auna shi da amfiya. Rezistans kuma ƙofar ce, ana auna ƙuncinta da om, sunan wani Bajamushe, Georg Ohm, wanda ya fitar da lissafin da ya haɗa ukun a 1827. Jan LED turin wajen volt 2 yake bukata kafin ya buɗe. Matsalarsa ita ce ba shi da ƙoshi: da zarar turi ya ɗara haka, sai ya yi ta zuƙar wuta har ya ƙone kansa. Iyakar abin da ƙaramin ƙwai irin wannan yake ɗauka lafiya shi ne wajen miliamfiya 20, wato kashi 20 cikin dubu na amfiya ɗaya, kuma ko rabin haka ya ishe shi haske.

To ga lissafin, wanda ɗan aji biyar zai iya. Batir biyu na tocila, kowane volt 1.5, idan aka jera su kai da gindi sun zama volt 3. Ƙwai ya ɗauki 2, saura 1. Muna son miliamfiya 10 ta wuce, wato 0.01. A raba 1 da 0.01, an sami om 100. Da batir ɗin maƙwabci kuwa, 9 a cire 2 saura 7, kuma babu kowa a ƙofa da zai tare wannan rarar. Da an sa masa rezistans mai om 470, da wajen miliamfiya 15 ce za ta wuce, da idon yana nan yana ci har yau. Ashe laifin bai tsaya ga girman batir ba.

Za ki ce to me ya sa bai ƙone da batir biyun farko ba, alhali a lokacin ma babu rezistans? Sa'a ya yi. Rarar volt ɗaya ce kawai, kuma batura masu arha da muke saye a tebur ba sa iya tura wuta mai yawa. Da an bar shi haka, da a hankali zai dushe.

Zanen launin da ke jikinsu lamba ce. A riƙe shi yadda zanen ruwan zinariya zai kasance a dama, a karanta daga hagu. Ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa: om 100. Ja, ja, ruwan ƙasa: 220. Rawaya, shunayya, ruwan ƙasa: 470. Duk wanda ya zo a kwalin tsakanin 100 da 220 zai yi da batir biyu. Shi ba shi da gaba ba shi da baya, kuma ko a doguwar ƙafa aka ɗaura shi ko a gajeriya duk ɗaya ne, muddin wutar sai ta ratsa ta cikinsa kafin ta gama zagayenta. Kowane ido da nasa, shi ya sa suka zo biyu.

Na ce zagaye, kuma a nan misalin ruwa ya gaza. Ruwa in ya fita ya tafi ke nan, ita kuwa wutar batir sai ta sami hanyar komawa gida kafin ta motsa ko kaɗan. Ta fi kama da sarƙar keke: ɗa ɗaya ya cire, duka ta tsaya. Makunni ba komai ba ne illa wurin da muka tsinka sarƙar da gangan. Ki sa yaron ya ɗora yatsa a kan batir ya bi jar waya, ya wuce makunni, rezistans, ƙwai, ya dawo ta baƙar waya, yana faɗa da baki. Yawancin abin da ake kawo mana shago a ce ya mutu, da wannan bin sawu muke gano shi: waya ta kwance, ko ƙurar hunturu ta cika makunni, ko gidan batir ya yi tsatsa.

Maye gurbin ƙwan ba sai an aika Duwala ba. Masu gyaran rediyo da talabijin a babbar kasuwa suna da shi, kuma in yaron ya je da kansa ya gaishe su da ladabi ya nuna abin da yake haɗawa, zan yi mamaki in ba su ƙara masa da wani abu ba. Matattun rediyoyi da tociloli da fitilun sola ma cike suke da shi. Sai dai ga tarkon da nake hango zai faɗa: zai ciro fari daga tsohuwar tocila ya sa kusa da ja, ya ga yana ci dishi-dishi. Fari da shuɗi wajen volt 3 suke so, ba 2 ba. Asalinsu ma ɗaya ne, domin farin LED shuɗi ne aka shafa masa wani sinadari rawaya. Jan ya fito tun 1962 a Amurka, amma shuɗi mai haske sai da aka shekara talatin ana fama kafin wasu Japanawa uku su cim masa, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2014. In yana son fararen idanu, ya nemi gida mai cin batir uku, volt 4.5, da rezistans mai om 150. Kuma in ya ga idanun suna dushewa duk lokacin da injin ya tashi, ba lalacewa ba ne, injin ne ke cinye rabon kowa. Sabon batir ko ware wa injin nasa gidan zai magance.

Batun haɗari kuma, volt 3 ko 9 ba sa jan mutum. Abubuwan da nake tsoro daban ne, kuma na farkonsu saboda ƙanwarsa ne. Batir ɗin kwabo da na ce a yi gwaji da shi, in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. A gama gwaji ki karɓe shi ki kulle a hannunki. In har aka yi zargin ta haɗiye, asibiti kai tsaye, kada a tsaya sa ta amai ko jiran ganin alama. Na biyu, wutar bango volt 220 ce, tana kisa. Ya sani tun yau cewa wasansa da soket ba su haɗa hanya ba, kuma kada ya buɗe caja ko tsohuwar talabijin, don wasu kayan cikinsu suna riƙe wuta ko bayan an zare su. Na uku, batir ɗin wayar salula da dogayen nan na cikin fitilun caji: in wayoyinsu biyu suka haɗu ko aka huda su suna kamawa da wuta, balle a zafin Garwa na watan Afrilu. Ko batir ɗin tocila ma, in ya taɓa ya ji ya yi zafi, ja da baƙa sun haɗu a wani wuri ba tare da sun bi ta ƙwai ba. Ya cire shi nan take ya nemi wurin.

Ban ba da shawarar ƙarfen liƙa dalma yanzu ba. Zafinsa ya haura digiri 300, dalma kuma guba ce ga yara. Murɗa waya da naɗe ta da baƙin tef ya wadatar a wannan mataki. In akwai abin da za a kashe wa kuɗi, to ƙaramar mita ce ta auna wuta. Ranar da ya ɗora ta ya ga volt 2 a kan ƙwai, saura a kan rezistans, ya haɗa ya ga sun ba shi abin da batir ya bayar, lissafin nan na sama zai zauna masa fiye da duk bayanina.

Roƙona gare ki da maƙwabci da kawunsa: kada kowa ya gyara masa. Ki karanta masa wannan amsa ki ba shi wuri. In idanun sun kama, ya ajiye na kamfani ya ƙera nasa da kwalin sukari da murafun kwalba, ya zana hanyar wutar a takarda kafin ya taɓa waya. Daga nan zai tambaye ki yadda za a sa idanun su riƙa ƙiftawa. Akwai LED mai ƙiftawa da kansa, amma wannan hanyar ragwaye ce; ta gaskiya tana bukatar taransisto biyu irin BC547, wato ƙananan makunnai da wuta ke kunnawa da kanta, da kafasito biyu masu tara wuta su sake ta, da rezistans huɗu. In ya kai nan, ya rubuto min da hannunsa, ya haɗo da zanen da ya yi.