Sabuwar sarƙar kekena ta yi tsawo, gaɓa nawa zan cire?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayo wa kekena mai giya sabuwar sarƙa a kasuwar Sabon Gari. Da na ɗaura sai ta yi sako-sako, tana yawan zamewa. Yaya zan gane tsawon da ya dace? Daga mai karatu a Gwale, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba cutar ka aka yi ba, da ma sabuwar sarƙa da rara take zuwa, galibi gaɓa 114 ko 116, don kowa ya rage daidai kekensa. Daga fil ɗaya na jikin sarƙar zuwa na gaba shi ne gaɓa ɗaya, rabin inci ke nan.

In tsohuwar tana nan, kuma da can ta yi maka daidai, ƙirga gaɓoɓinta. Kada ka shimfiɗa su ka gwada tsawo, domin tsohuwa ta riga ta cinye ta miƙe, za ta ruɗe ka.

In babu ita, ga awon da ba ya ƙarya. Ɗora sarƙar a kan faifai mafi girma na wajen feda, da mafi girma na firiwil a baya. Kada ka bi da ita ta cikin hannun giya, wato ƙarfen nan mai 'yan gare-gare biyu da ke rataye a baya. Ja bakunan biyu su haɗu tam, sannan ka ƙara gaɓa biyu, inci ɗaya. Nan za ka yanke. In za ka haɗa da makullin sarƙa, wato gaɓar nan ta musamman da ke haɗa bakunan biyu ba sai an tura fil ba, lissafa shi a matsayin gaɓa ɗaya, kuma dole bakunan biyu su ƙare da siraran gaɓoɓi na ciki. In wurin yankan bai faɗa daidai ba, matsa gaba ka bar rara. Gara ta ɗan yi tsawo, don gajeriya kan finciko hannun giya ta lanƙwasa shi ranar da ka hau manyan faifan biyu, wani lokacin har ya shige cikin wili.

Samu abin tura fil ka yi aikin da shi. Ƙusa da guduma, da wasu ke yi a bakin titi, suna lauya gaɓa, sai ta ƙage ta riƙa tsalle.

Mai keke marar giya kuwa, irin su Phoenix, ya turo wilin baya gaba a cikin raminsa, ya yanke a gaɓar da ta fi kusa, sannan ya ja wilin baya har tsakiyar sarƙar ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya.

Wani abu kuma, Malam: duba tsohuwar da rula. Gaɓa 24 inci 12 ne cif. In ta zarce da milimita 3, ƙurar hunturu da baƙin mai sun ci haƙoran firiwil ɗin ma, sabuwa za ta riƙa tsalle a kansu ko da tsawonta ya yi daidai. Sai ka sauya shi tare.