Yadda gasar hurling ta ƙasar Ayalan ta faro

Tambaya: Malam, na ga wani wasa a intanet, 'yan wasa riƙe da sanduna suna dukan ƙaramar ƙwallo a sama, aka ce sunansa hurling, kuma ya fi shekara dubu a ƙasar Ayalan. To ita gasarsa ta ƙasa, tun wancan zamanin ake yin ta?

Amsa: A'a, malam. Wasan tsoho ne, har a tatsuniyoyin mutanen ƙasar ana ambatonsa, amma gasar jiya-jiya ce idan aka auna ta da shi. Da gasar 1887 aka fara.

Kafin nan wasan ya kusa mutuwa. Yunwar da ta afka wa ƙasar daga 1845 ta kashe mutane kusan miliyan guda, ta kori wasu zuwa Amurka da Ingila, ƙauyuka suka zama kufai. Ga kuma wasannin Turawan Ingila, masu mulkin ƙasar a lokacin, suna ta samun gindin zama. Wani malamin makaranta ɗan gundumar Clare, Michael Cusack, shi ne abin ya tsaya wa a rai. Ranar 1 ga Nuwamba 1884 ya tara mutane kaɗan a otal ɗin Hayes da ke garin Thurles, suka kafa GAA, ƙungiyar raya wasannin gargajiyar Ayalan, Maurice Davin ya zama shugabanta na farko. Dubi waɗanda suka roƙa su zama iyayen ƙungiya: babban limamin coci Croke, da 'yan siyasar neman 'yanci Parnell da Michael Davitt. Daga nan za ka gane ba motsa jini kawai suka fito yi ba.

Wasan ƙarshe na gasar farko sai ranar 1 ga Afrilu 1888 aka buga shi a garin Birr. A littattafai za ka ga an rubuta Tipperary ta doke Galway, amma a fili ƙungiyar Thurles ce ta kara da ta Meelick. Tsarin lokacin ke nan: ƙungiyar da ta lashe gasar gundumarta ita ke ɗaukar sunan gundumar baki ɗaya, kamar yadda ɗan dambe ke shiga fage da sunan garinsu. Mutum 21 a kowane ɓangare, wato 42 a fili ɗaya, kowa da sandarsa, ba hular kwano. Meelick ba ta ci ko maki ɗaya ba.

Lissafin ma daban ne. Ci ɗaya ta tsakiyar gola ya rinjayi maki (wanda ake samu idan ƙwallo ta wuce ta saman gola ko ta gefenta) komai yawansa, ko ka tara goma abokin karawa ya zura ɗaya, shi ya yi nasara. Sai a 1892 aka daidaita ci ɗaya da maki 5, aka rage 'yan wasa zuwa 17, aka kuma yarda zakarar gunduma ta ɗauko gwanaye daga sauran ƙungiyoyi. A 1896 ci ya koma maki 3, yadda yake har yau. Mutum 15 da kake gani yanzu ya zo a 1913.

Gasar 1888 kuwa ba a ma ƙarasa ta ba. Shugabanni suka kwashi 'yan wasa kusan 50 zuwa Amurka neman kuɗi, aka dawo da bashi, wasu ma suka yi zamansu can. Kafin a farfaɗo sai rikicin Parnell ya raba kan 'yan ƙasar daga 1890, ƙungiyoyi da yawa suka watse. A ganina, cewa gasar ta tsallake waɗannan shekaru ya fi duk wani kofi da aka ci a cikinsu ban mamaki.

Wannan ruɗani ne ya ba ƙanana dama. Kerry, da aka sani da ƙwallon ƙafa irin ta Ayalan, ta lashe gasar 1891 ta hannun ƙauyen Ballyduff, ba ta sake ba har yau. Landan ma, da 'yan ci-ranin Ayalan, ta doke Cork ta lashe ta 1901. Amma manya ba su daɗe ba suka kama ragama: Cork sau uku a jere daga 1892 zuwa 1894, Tipperary daga 1898 zuwa 1900. Kilkenny, wadda yanzu ta fi kowa kofuna, sai a 1904 ta fara, ta kuma tara bakwai kafin ƙarshen 1913.

A wannan shekarar ta 1913 GAA ta mallaki filin Jones' Road a Dublin, ta raɗa masa sunan Croke. Kofin Liam MacCarthy da ka ga ana ɗagawa ya zo daga baya: Limerick ce ta fara karɓarsa, a kan gasar 1921, wadda rikicin ƙasa ya sa sai a 1923 aka buga wasanta na ƙarshe.