Tambayoyin Manoma Kan Na'urorin da Ke Raba Gona Tsakaninsu

Wani manomin shinkafa daga Kura, mai noman rani da ruwan Kadawa, ya ce ya ji labarin ƙananan jirage marasa matuƙa da ake saki da yawa su duba gona ba tare da kowa yana juya su ba. Yana son sanin yadda suke kauce wa cunkushewa wuri guda su bar wani sashe.

Malam, ka tuna ranar gayya. Mai gona ba ya bin kowa yana nuna masa inda zai sa fartanya. Kowa yana duban na damansa da na hagunsa ne, in ya ga tazara ta yi yawa sai ya matsa. Haka na'urorin nan suke. Kowace tana da GPS da ke gaya mata inda take, da ƙaramin rediyo da take jin maƙwabtanta na kusa kawai. Ƙa'idar rabon ita ce, kowane taku na gonar yana hannun na'urar da ta fi kusa da shi. Da zarar na'ura ta san kasonta sai ta nufi tsakiyarsa, matsawarta kuma ta sauya iyakokin, a sake rabo, a sake matsawa, har kowace ta zauna daram. Wannan salon rabo yana ɗauke da sunan masanin lissafi Georgy Voronoi, wanda ya yi bayaninsa a 1908, kuma a 2004 Jorge Cortés da Francesco Bullo da abokan aikinsu suka nuna yadda na'urori masu tafiya za su yi amfani da shi babu shugaba.

Abu biyu ne suka sa nake ganin darajar tsarin. Idan aka ba wurin da ciyawa ta yi yawa ko ƙasa ta bushe nauyi a lissafin, na'urorin da kansu za su taru a can, su rage zirga-zirga inda shuka take lafiya. Idan kuma batirin ɗaya ya ƙare ta sauka, kason maƙwabtanta ne zai faɗaɗa ya cike gurbin, aiki bai tsaya ba. An gwada irin wannan a Turai a wani shiri mai suna SAGA, wanda jami'ar Wageningen ta Holan ta shiga, inda jirage ke neman ciyawa a gonaki. Ƙananan motocin shuka masara marasa matuƙa na kamfanin Fendt, masu suna Xaver, da aka nuna a baje kolin Agritechnica na Jamus a 2017, su kam daga intanet ake tsara musu hanya, kuma duk wanda ya taɓa neman sabis a tsakiyar fadama ya san raunin wannan.

Shugaban wata ƙungiyar manoma daga yankin Haɗeja ya tambaya ko su haɗa kuɗi su sayi irin waɗannan jirage.

Shawarata ita ce a dakata. Yawancin wannan fasaha tana matakin gwaji, an kuma tsara ta ne don manyan gonaki shimfiɗaɗɗu, alhali namu ƙanana ne, da itatuwan gawo da ɗorawa a tsaye a ciki. Ƙaramin jirgi ba ya wuce kimanin rabin awa a sama kafin ya nemi caji, ƙurar hunturu tana dushe kyamara, sannan tashinsa a Najeriya yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa (NCAA) da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kuɗin zai fi amfani idan aka sayi na'urorin auna danshin ƙasa aka kafa su a farko da tsakiya da ƙarshen magudanar ruwa.

Wata mai noman masara daga Giwa ta tambaya ko jiragen za su gano mata tsutsar nan mai cinye masara, wadda ake kira fall armyworm da Turanci, da ta shigo ƙasar a 2016.

Hajiya, tsutsar tana ɓuya ne a can cikin tsakiyar ganye, kyamarar sama kuwa sai ɓarna ta bayyana take gani. Ki bi tsarin da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) ta bayar: ki ratsa gonar a karkace kamar harafin W, ki tsaya wuri 5, ki buɗe shuka 10 a kowane wuri kina neman ƙwai da kashin tsutsa mai kama da dusa, aƙalla sau ɗaya a mako tun masara tana ƙarama.