Abin Da Ya Sa Kanumfari Ya Fi Barkono Tsada

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke auna barkono da mudu amma kanumfari sai da ɗan gwangwani, alhali a ganinka dukansu kayan yajin da muka gada ne. To, ka sani cewa daga cikin abin da ke kan teburin nan, masoro da kimba da citta mai 'ya'ya su ne 'yan asalin Afirka ta Yamma, kuma ita cittar tun da daɗewa fatake suke ƙetare Sahara da ita har ta kai kasuwannin Turai. Barkono kuwa baƙo ne daga nahiyar Amurka, wanda jiragen Turawan Fotugal suka yaɗa bayan shekarar 1492, sai dai ƙasarmu ta karɓe shi, yana yi a fadama da bayan gida, shi ya sa ya yi araha.

Kanumfari bai taɓa samun wannan sauƙi ba. Asalinsa wasu ƙananan tsibirai ne na Maluku a Indunusiya, irin su Ternate da Tidore, kuma abin da kake riƙewa a hannu tohon fure ne da aka tsinka da hannu tun bai buɗe ba, aka shanya har ya yi duhu. A ƙarni na 17 kamfanin Turawan Holan ya mamaye cinikinsa, ya taƙaita nomansa a yankin Ambon, ya riƙa sare itatuwan sauran tsibirai don kada farashi ya faɗi, kuma rayuka da yawa sun salwanta a kan haka. Sai a 1770 wani Bafaranshe, Pierre Poivre, ya sa aka fitar da dashensa a ɓoye zuwa tsibirin Morishus, daga wannan yanki kuma ya isa Zanzibar da Pemba, tsibiran Tanzaniya ta yau, inda Sarkin Oman da Zanzibar, Sayyid Sa'id, ya bunƙasa gonakinsa da ƙarfin bayi. Ina so ka riƙe wannan ɓangare na tarihin, domin bai kamata mai sayar da abu ya jahilci wahalar da aka sha a kansa ba.

Har yau Indunusiya ce ta fi kowa nomansa, amma mafi yawansa a can yake ƙarewa cikin tabar sigarinsu, saboda haka kasuwar duniya ta dogara ƙwarai ga Madagaska da tsibiran Tanzaniya, kuma kuɗin waje ake biya kafin ya iso mana.

Tunda da tsada muke saro shi, kada ka karɓi buhu sai ka gwada. Ka danna farce a jikin ƙwaya ɗaya. Idan mai ya fito, ƙamshi ya bugi hanci, kuma kan yana nan bai karye ba, mai kyau ne. Sannan ka zuba kaɗan a kofin ruwa, wanda ya nutse ko ya tsaya a tsaye yana da mansa, wanda ya kwanta a saman ruwa kuwa an riga an tatse shi ko ya tsufa, sai ka mayar wa dillali da kayansa.