Ga mai tambaya kan shafin girkin da Google ba ya nunawa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu da na sallami yara na samu zama. Kin ce shekararki guda da buɗe shafin girke-girke, kin sa rubutu ya haura tamanin, amma in ba ke kika tura a WhatsApp ko Facebook ba, babu mai leƙowa. Kin ce abin da kike iya warewa a rana bai wuce rabin awa ba, ga makaranta ga hidimar gida, kuma wani ya ce ki biya shi ya kai ki shafin farko na Google cikin mako biyu. Kuɗinki dai ki riƙe abinki tukuna, zan zo kan wannan. Rabin awar nan kuwa ta ishe ki, in kika daina zuba ta duka a sabon rubutu kika koma kan tsofaffin.

Ni ma shafin girki nake da shi, kuma na taɓa zama daidai inda kike. Abin da zan fara sa ki yi a daren nan ba zai ci minti biyar ba. Ki buɗe Google ki rubuta site: ki liƙa masa adireshin shafinki ba tare da barin tazara ba. In rubuce-rubucenki suka jero, alhamdulillahi, Google ya san da ke. In babu ko ɗaya, to matsalar ba ta matsayi ba ce, ƙofar ce a rufe. Haka ta faru da ni. Wanda ya haɗa mini shafin a WordPress ya sa alama a wani ɗan akwati da ke cikin Settings, ɓangaren Reading, wanda ke roƙon injunan bincike kada su ɗauki shafin. Masu haɗa shafi sukan yi haka kafin su gama aiki, shi kuma ya manta bai cire ba. Wajen wata huɗu ina dafawa, ina ɗaukar hoto, ina rubutu har tsakar dare, ashe ni da kaina nake ce wa Google kada ya shigo. Ranar da na gano, sai da na yi hawaye. In Blogger kike amfani da shi, akwai irin wannan maɓalli a Settings ƙarƙashin Privacy, ki tabbatar a kunne yake.

Bayan nan sai ki yi rajistar Google Search Console. Kyauta ne, na Google ne da kansa, kafin 2015 sunansa Webmaster Tools. Ki miƙa masa taswirar shafinki, wato fayil ɗin da ke jera adireshin duk rubutunki. WordPress tun fitowar 5.5 a 2020 yake yin ta da kansa a wp-sitemap.xml, Blogger kuma nasa sitemap.xml ne. Daga nan ki ba shi kwanaki ya tara bayanai.

To a nan ne nake so ki tsaya ki daɗe, don duk abin da ya canza mini shafi daga nan ya fito. A cikin Search Console akwai ɓangaren Performance. Yana nuna miki ainihin kalmomin da mutane suka rubuta har shafinki ya bayyana, sau nawa aka gan ki, sau nawa aka latsa, da kuma matsayin da kike tsayawa. Yana ajiye bayanan har na wata 16. Ki nemo rubuce-rubucen da ke tsakanin matsayi na 8 da na 20. Waɗannan su ne 'ya'yanki da suka kusa cin jarrabawa. Google ya riga ya yarda suna da alaƙa da abin da ake nema, turi kaɗan suke jira. Wanda ke matsayi na 70 ki ƙyale shi a yanzu.

Da na fara duba kalmomin nan, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda mutanenmu suke rubutu a waya. Ni ina ta ƙoƙarin rubuta ɗanwake da ƙosai da lanƙwasarsu, masu nema kuwa danwake suke bugawa, wasu dan wake a rabe, kosai babu lanƙwasa. Wasu "yadda ake" wasu "yanda ake", wasu ma su haɗa da Turanci a jimla ɗaya. Ban ce ki ɓata Hausarki ba, ni ma ban ɓata tawa ba, kuma ba na son ganin shafin Hausa da aka zubar wa ƙa'ida don neman mutane. Abin da nake yi shi ne, take da jikin rubutu ina rubuta su daidai, amma adireshin rubutun ina yin sa da haruffa marasa lanƙwasa, gajere, kamar yadda-ake-danwake. Wannan ma yana da wani amfanin: in kika bar ƙ a adireshi, lokacin da aka kwafa aka tura sau da yawa sai ta koma %C6%99, mahaɗin ya yi tsawo ya yi muni, mutum ya ji tsoron latsawa. Sannan in abinci yana da suna biyu, ki ambaci duka biyun sau ɗaya a farkon rubutu. Masa da waina misali ne: wani gari wannan suke cewa, wani gari wancan, kuma kowa da sunan da ya tashi da shi yake nema.

Sai take. Ina da wani rubutu kan ɗanwake da na sa wa suna "Daɗin gidanmu, kashi na uku". Ni a wurina sunan ya yi kyau, amma wa zai zauna ya rubuta wannan a Google? Na ga ana ganinsa a ƙasan shafi na biyu, babu mai latsawa. Na mayar da shi "Yadda ake ɗanwake da garin wake da rogo, ba ya watsewa". A cikin kalmomin da Search Console ya nuna mini har da masu tambayar me ya sa ɗanwakensu yake narkewa a tukunya, alhali ni ko sau ɗaya ban taɓo wannan a rubutun ba, don a ganina kowa ya sani. Sai na ƙara sakin layi biyu: cewa kuka ce ke riƙe shi, in ta yi kaɗan zai watse; cewa sai ruwa ya tafasa sosai ake fara sakawa; cewa in ƙullin ya yi ruwa ba zai haɗu ba. Na sa hoton ƙullin a hannuna don a ga kaurinsa. Aikin duka bai kai minti ashirin ba. Bayan 'yan makonni ya hau shafin farko, kuma har yau yana cikin masu kawo mini baƙi. Irin wannan na yi wa rubutun masa, da na ga ana tambayar me ke hana ta tashi.

Ki lura, take na canza, ban taɓa adireshin ba. Tsohon rubutu in kika canza masa adireshi ba tare da kin yi masa turawa ta 301 ba, wato saitin da ke kai mai latsa tsohon adireshi zuwa sabon, duk wanda ya biyo tsohon mahaɗi zai tarar da shafin babu, ɗan matsayin da ya tara kuma ya zube. Gyaran adireshi ki bar shi ga sababbin rubutu. Taken kuma kada ya wuce haruffa sittin ko kusa da haka, don Google yana datse abin da ya yi tsawo, kuma sunan abincin ya zo da wuri.

Akwai ɗan bayanin da ke fitowa ƙarƙashin take a sakamakon bincike. Ba ya ɗaga matsayi, kuma sau da yawa Google yakan ajiye naki ya ciro nasa daga cikin rubutun, amma in ya nuna naki yana jawo latsawa. Jimla biyu sun isa: me za a dafa, na mutum nawa, minti nawa. Gurbin jera kalmomi da ake kira meta keywords kuwa kada ki ɓata masa ko minti ɗaya, tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya amfani da shi wajen jera sakamako.

Aiki na gaba da nake ganin an fi rainawa shi ne haɗa rubutunki da junansu. Google ta hanyar bin mahaɗai yake gano shafuka, kuma tun asalinsa, tun waɗanda suka kafa shi, Larry Page da Sergey Brin, suna ɗalibai a Jami'ar Stanford, da mahaɗai yake auna muhimmancin shafi. Rubutun da babu wani rubutu naki da ke nuna shi kamar ɗaki ne da ba a yi wa ƙofa ba. Ki ɗauki rubutunki biyar da aka fi karantawa, a kowanne ki sa mahaɗi biyu ko uku zuwa waɗanda ke kusa da hawa. A rubutun tuwon shinkafa ki nuna miyar taushe da miyar kuka, a na masa ki nuna sinasir. Kuma kalmar da za a latsa ta zama sunan abin, "miyar taushe", ba "latsa nan" ba. Ni a layin asibiti ko a cikin adaidaita nake yin wannan da waya.

Yanzu hotuna, don mu masu shafin girki nan ne ciwonmu. Hoto ɗaya daga kyamarar waya yakan kai megabait uku ko huɗu. In kika sa takwas a rubutu ɗaya, ki tuna da matar da ke tsaye a kicin, albasa na kan wuta, sabis yana rawa, datarta ta kusa ƙarewa. Ba za ta jira ba, baya za ta koma ta latsa na wani. Ki riƙa rage faɗin hoto zuwa wajen pixel 1200, ki matse shi da Squoosh ko TinyPNG kafin ki ɗora, sai ki ga ya dawo kilobait ɗari da wani abu kuma ido ba ya ganin bambanci. Tsarin hoto na WebP ya fi sauƙin nauyi, WordPress yana karɓarsa tun 5.8. Ki gwada saurin buɗewar shafinki a PageSpeed Insights na Google, ki duba sakamakon waya, don da fuskar waya Google yake auna shafuka yanzu. Ma'auninsu shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Kada ki haukace kan neman maki 100, ni ban taɓa samu ba kuma bai hana ni komai ba. Ki sa wa hoton suna mai ma'ana kafin ɗorawa, ki cike gurbin bayanin hoto da jimla ɗaya, wanda ke amfanar makafi masu sauraron shafi da manhaja, yana kuma taimaka wa binciken hotuna. Hoton kuma ya zama naki. Ko a faranti mai tsatsa ne, ya fi na aro, kuma masu karatu suna ganewa.

Ki duba ko adireshinki da https yake farawa. Tun 2014 Google ya ce yana ɗan la'akari da shi, kuma tun 2018 Chrome ke yi wa shafukan da ba su da shi tambarin rashin tsaro. Yawancin masu ba da masaukin shafi suna kunna shi kyauta ta Let's Encrypt.

Wani abu da na koya a makare shi ne lokaci. Neman girki yana da kaka. Kunun gyaɗa, ƙosai, zoɓo da kayan buɗa-baki ana rububinsu da azumi. Cincin da dubulan gab da ƙaramar Salla. Dambun nama da soyen nama da babbar Salla. In kika bari sai an ga wata kika fara gyara, kin makara, don Google yana ɗaukar lokaci kafin ya sake ziyarta ya sake aunawa. Ni tun Rajab nake bin rubutun azumi ɗaya bayan ɗaya, in gyara awo, in ƙara amsar tambayoyin da aka yi mini bara, in sauya hoton da ya yi duhu. In na gama kowanne sai in sa adireshinsa a akwatin binciken da ke saman Search Console in nemi a sake dubawa. Amma kada ki canza kwanan wata kawai ba ki gyara komai ba, wannan yaudara ce ga mai karatu.

Mu dawo kan mai neman kuɗinki. Google da kansa ya rubuta a shafinsa na taimako cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Abin da irin waɗannan suka saba yi shi ne su watsa mahaɗinki a ɗaruruwan shafukan banza. Tun gyaran da ya yi wa tsarin bincikensa a 2012, mai suna Penguin, Google ke yaƙi da wannan. In an yi sa'a ya yi watsi da mahaɗan kuɗinki ya tafi a banza, in ba a yi sa'a ba a hukunta shafin. Akwai ƙwararru na gaskiya, amma su za su nemi ganin Search Console ɗinki kafin su faɗi komai, kuma ba sa yanka wa'adin mako biyu. Haka nan in kina amfani da Yoast ko Rank Math, wato manhajojin da ake ƙara wa WordPress su duba miki rubutu, koren fitilarsu shawara ce kawai, ba Google ne ya kunna ta ba, kuma ba don Hausa aka gina ma'auninsu na sauƙin karatu ba. Na taɓa cusa "yadda ake alkaki" sau tara a rubutu ɗaya don fitila ta yi kore, da na karanta a bayyane na ji ba haka nake magana ba, na goge.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da kika taɓa kowane rubutu da abin da kika canza. Rubutu ɗaya a rana ya isa. Kada ki riƙa leƙawa kullum, zai tayar miki da hankali, lambobin suna hawa suna sauka ba dalili. Bayan wata guda ki kwatanta kwana 28 na baya da 28 na gabansu, Search Console yana da wurin yin haka. Wasu za su motsa, wasu ba za su motsa ba, musamman inda manyan shafuka da bidiyon YouTube suka riga suka cika saman.

Ki fara da binciken site: ɗin nan yau. In Search Console ya tara miki na mako biyu, ki ɗauki hoton jerin kalmomin ki turo nan, ki rufe abin da ba ki so a gani, mu zauna mu zaɓi rubutu biyar ɗin da za ki fara da su. Allah ya sa albarka a hannunki.